Wuƙa Ɗaya, Doka Hamsin: Tarihin Dokokin Ɗaukar Wuƙa a Jihohin Amurka



A zangonninmu ba a tambayar mutum dalilin da ya sa yake riƙe da wuƙa. Ranar Babbar Sallah, da an sauko daga Idi, za ka ga malami yana bin gida-gida da wuƙar yanka a naɗe cikin tsumma, yara na biye da shi, babu mai ɗaga kai. Mahauci yana ratsa kasuwa da tasa a kube, mai tsire yana wasa tasa a bakin titi, wanzami kuwa zabirarsa cike take da asake. Kakanninmu fatake da suka riƙa saukowa Salaga neman goro sun san wuƙar damtse da ta ƙugu kamar yadda suka san gafakarsu. Harshenmu ma shaida ne, domin idan muka ce wane ke da wuƙa da nama, muna nufin iko duka yana hannunsa.

To amma yau zango ya yi rassa. Gidaje da yawa a Nima da Mamobi da Aboabo suna da ɗa ko ƙane a Amurka, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York. Sun tafi da harshe da addini da sana'a, wasu kuma sun tafi da ɗabi'ar jefa 'yar wuƙa a aljihu kafin a fita. A can kuwa wuƙar da mutum ya saya a shago da rana tsaka, aka ba shi rasit, tana iya kai shi ɗakin 'yan sanda kafin magariba. Wuƙar da ta halatta a wannan jiha tana iya zama laifi da zarar mota ta haye gada zuwa maƙwabciyarta. Wannan ruɗani yana da tarihi na kusan shekara 200, kuma wanda ya san tarihin zai fi gane dokar.

Me ya sa dokar ta rarrabu?

A Ghana dokar laifuka ɗaya ce, ta 1960, kuma abin da ta ce game da yawo da makami a bainar jama'a shi ne hukunci daga Accra har Bawku. Amurka kuwa tarayya ce ta jihohi 50, kowace da majalisarta da kotun ƙolinta da littafin laifukanta. Gwamnatin tarayya tana kula da iyakoki, da cinikin da ya ƙetare jiha zuwa jiha, da gine-ginenta, da jiragen sama. Abin da mutum ya sa a aljihunsa yana tafiya a titi, a nan jiha ce ke da wuƙa da nama. A ƙarƙashin jiha kuma akwai birane, waɗanda da yawansu ke ƙara nasu sharaɗin. Sama da waɗannan duka akwai gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na shekarar 1791, wanda ya ba jama'a haƙƙin mallaka da ɗaukar makami. Tsakanin wannan haƙƙi da tsoron da kowane zamani ya zo da shi aka yi ta ja-in-ja, kuma kowace jiha ta tsaya a inda nata jan ya kai ta.

Wuƙar Bowie

Tun 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka hana ɓoye makami a jiki, suka ambaci babbar wuƙa da takobin da ake sokewa cikin sandar dogarawa. Amma wuƙar da ta fara girgiza majalisu ta samo sunanta ne daga wani faɗa. Ranar 19 ga Satumba, 1827, a kan wani tudun rairayi a kogin Misisipi kusa da garin Natchez, mutum biyu suka fito kare mutunci da bindiga, kamar yadda al'adar masu hali ta lokacin take. Sun yi harbi babu wanda ya sami wani, suka yi musafaha. Sai rikici ya ɓarke tsakanin 'yan rakiyarsu. Wani mai suna Jim Bowie, bayan an harbe shi an kuma soke shi, ya zaro wata babbar wuƙa ya kashe abokin gabarsa Norris Wright. Jaridu suka baza labarin, maza suka shiga zuwa wurin maƙera suna neman wuƙa irin ta Bowie. Maƙeran birnin Sheffield na Ingila suka ga kasuwa, suka riƙa ƙerawa suna turowa jirgi-jirgi. Mutuwar Bowie a yaƙin Alamo a 1836 ta ƙara wa wuƙar suna.

Sai mun tuna irin bindigar zamanin kafin mu gane abin da ya sa aka ji tsoron wuƙa haka. Ƙaramar bindiga a lokacin harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura mata albarushi, kuma danshi kaɗan yana hana ta tashi. Wuƙa ba ta buƙatar ɗuri. A faɗan mashaya ko na filin siyasa, ita ce abin da ya fi kisa. Abin ya kai har cikin majalisa: a watan Disamba na 1837, a birnin Little Rock na jihar Arkansas, ana muhawara a kan ladan da za a riƙa biyan masu kashe kyarkeci, wani ɗan majalisa mai suna Joseph Anthony ya yi wa kakakin majalisar, John Wilson, gugar zana. Wilson ya sauko daga kujerarsa, kowannensu ya zaro wuƙar Bowie, Anthony ya mutu a zauren. An kori Wilson daga majalisa, kotu kuwa ta sallame shi.

A wannan tsakani dokoki suka fara zuba. A 1837 Alabama ta sa harajin dala 100 a kan duk wanda ya sayar da wuƙar Bowie ko ya ba da ita kyauta, kuɗin da ya ninka farashin wuƙar sau da yawa. A shekarar dai Jojiya ta hana sayar da ita da ɗaukarta. A farkon 1838 Tennessee ta hana sayarwa, ta kuma hana ɓoye ta a cikin tufafi.

Nan take matsaloli biyu suka bayyana, kuma har gobe su ne ƙashin bayan wannan fanni. Ta farko ita ce bambanci tsakanin ɓoyewa da bayyanawa. A 1840 kotun ƙolin Tennessee ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa wani William Aymette, wanda ya yi ta yawo da wuƙar Bowie a ɓoye yana neman mutumin da suka yi cacar baki. Kotun ta ga cewa haƙƙin ɗaukar makami an yi shi ne don kare al'umma, bai shafi kayan faɗan 'yan kwararo ba. A 1846 kuma kotun ƙolin Jojiya ta duba dokar 1837 ta ce jiha tana da ikon hana ɓoye makami, amma ba ta da ikon hana ɗaukarsa a fili. Tunanin mutanen lokacin shi ne, mai mutunci yana rataya makaminsa kowa ya gani, mai ɓoyewa kuwa da wata manufa ya fito. Mu da muka gaji wuƙar damtse, wadda hannun babbar riga ke rufewa, sai mu lura da wannan da kyau, domin abin da yake kamun kai a wurinmu shi ne ainihin abin zargi a wurinsu.

Matsala ta biyu ita ce ma'ana. Wace ce wuƙar Bowie? Majalisu sun ambaci sunanta ba su siffanta ta ba. A 1844 wani mutum a Tennessee ya kare kansa da cewa tasa ba ta Bowie ba ce, irin ta 'yan fashin tekun Meksiko ce. Kotu ba ta karɓi wannan uzuri ba. Tun daga nan ake rubuta dokokin wuƙa da sunaye masu faɗi, a bar wa ɗan sanda da alƙali su cike gurbin.

Hannun da ke riƙe da ita

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya kamata baƙar fata ya sani. Jihohin kudu, inda dokokin nan suka fi yawa, su ne jihohin bauta, kuma tun kafin a yi maganar Bowie suna da dokokin da suka hana bayi riƙe makami. Da aka gama yaƙin basasa a 1865 aka 'yanta bayi, jihar Misisipi ta yi hanzari ta kafa doka a shekarar, wadda ta hana baƙin da aka 'yanta riƙe bindiga ko albarushi ko wuƙar Bowie sai da izinin hukuma. Farar fata bai shiga cikin wannan hani ba. Ba a daɗe ba gwamnatin tarayya ta rushe irin waɗannan dokoki, amma darasin ya zauna: dokar wuƙa takan duba hannun da ke riƙe da ita kafin ta duba tsawon ruwanta.

A 1871 Texas ta kafa doka mai faɗi ta hana yawo da ƙaramar bindiga da mashi da wuƙa mai baki biyu da wuƙar Bowie. Hanin Bowie ya zauna a littafin jihar shekara 146. Jihar da ke alfahari da Jim Bowie, wadda ta sa wa wata gunduma da makarantu sunansa, ta shafe wannan tsawon lokaci tana kama mai yawo da wuƙarsa.

Wuƙa mai maɓalli

Tsoro na biyu ya zo bayan shekara 100, kuma a biranen arewa ya tashi. Akwai wata wuƙar aljihu mai naɗewa wadda ake danna maɓalli a ƙotarta, sifirin ya cillo ruwan waje. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani maƙeri mai suna George Schrade yake ƙera irinta a jihar New York, ana tallarta ga manoma da makanikai da mata masu ɗinki, a matsayin wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya ba tare da karya farce ba. Shekaru da dama babu wanda ya kula da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo daga Italiya da wata siririya mai tsini, 'yan kasuwa suka shiga shigo da ita da araha, samarin unguwannin talakawa suka ɗauke ta abin ado.

A 1950 wata mujallar mata mai farin jini ta buga dogon sharhi ta kira ta abin wasan da ke kisa. Jaridu suka ɗauka. Finafinai irin su Rebel Without a Cause na 1955, da wasan West Side Story na 1957, suka dasa hoton ɗan daba riƙe da ita a zukatan iyaye. Samarin da ake nunawa galibi 'ya'yan baƙi ne, 'yan asalin Italiya da Puerto Rico, da kuma baƙar fata. A 1954 New York ta zama jiha ta farko da ta hana ta, wasu jihohi suka biyo baya. A watan Agusta na 1958 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana shigo da ita ƙasar da kuma cinikinta tsakanin jihohi. An keɓe sojoji, an kuma keɓe mai hannu ɗaya idan ruwan wuƙar bai wuce inci 3 ba. Birtaniya ta yi tata dokar a 1959.

Abin lura shi ne, dokar 1958 ba ta hana mutum riƙe wannan wuƙa a cikin jiharsa ba, in dai ba a filin da tarayya ke iko da shi yake ba. Wannan hukunci an bar wa jihohi, shi ya sa taswirar ta zama kamar zanen da aka yi wa faci. A 1984 kotun ƙolin Oregon ta rushe hanin jiharta, ta ce wuƙa mai maɓalli tana cikin makaman da tsarin mulkin jihar ya kare. Maƙwabciyarta Kalifoniya kuwa har yanzu tana hana yawo da ita idan ruwanta ya kai inci 2.

Girgizar hannu a New York

Babu inda rashin fayyace ma'ana ya cuci talaka kamar New York. A 1958 jihar ta hana wata wuƙa da Jamusawa suka ƙera wa sojojinsu na laima, wadda ruwanta ke zamowa daga cikin ƙota da nauyinsa, don sojan da ya maƙale a bishiya ya yanke igiya da hannu ɗaya. Masu rubuta dokar suka siffanta ta da cewa ita ce wuƙar da ke buɗewa da nauyinta ko da ƙarfin girgizawa, sannan ta kulle. Wuƙar 'yan laima ta ɓace daga kasuwa, siffar kuwa ta zauna a littafi.

Bayan shekaru, wuƙaƙen aiki masu naɗewa da kullewa suka cika shagunan kayan gini. 'Yan sandan birnin suka fito da gwaji: ɗan sanda zai riƙe wuƙa ya fizge wuyan hannunsa da ƙarfi, idan ta buɗe ta kulle, to ta zama haramtacciya, ko da mai ita bai taɓa buɗe ta haka ba. Wuƙar da ta yi tauri ranar da aka saye ta tana iya sakin jiki bayan wata shida na aiki. Wadda ta ƙi buɗe wa wannan jami'i tana iya buɗe wa wancan mai ƙarfin damtse. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 1, idan kuwa mutum ya taɓa yin wani laifi a baya, yana iya kaiwa shekara 7. Binciken da jaridar Village Voice ta buga a 2014 ya ƙiyasta cewa an gurfanar da mutane kimanin 60,000 cikin shekara 10, mafi yawansu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. A cikinsu akwai magina da masu gyaran wuta da masu sauke kaya, wato irin ayyukan da baƙo ke farawa da su.

Sau biyu majalisar jihar tana gyara dokar, a 2016 da 2017, gwamna Andrew Cuomo yana ƙin sa hannu. A watan Maris na 2019 wani alƙalin kotun tarayya, a ƙarar da wani mai dafa abinci ya shigar, ya yanke cewa gwajin girgiza hannu ba shi da tabbas, domin mutum ba zai iya sanin ko yana kan laifi ba. A ƙarshen Mayu na shekarar gwamnan ya sa hannu aka soke hanin.

A birnin Baltimore kuwa saɓanin dokar jiha da ta birni ya shiga cikin labarin rai. Ranar 12 ga Afrilu, 2015, 'yan sanda suka kama wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 25, Freddie Gray, suka ce sun same shi da haramtacciyar wuƙa. Ya sami mummunan rauni a laka a cikin motarsu, ya rasu ranar 19 ga watan. Birnin ya rikice da zanga-zanga. Mai gabatar da ƙara, Marilyn Mosby, ta ce wuƙar halattacciya ce a dokar jihar Maryland. Lauyoyin 'yan sandan suka ce tana da sifirin mai taimaka wa buɗewa, saboda haka dokar birnin ta hana ta. An gurfanar da jami'ai 6, ba a sami ko ɗaya da laifi ba. Masana doka sun yi ta gardama a kan wuƙar da aka riga aka binne mai ita.

Iska ta juya

Daga 2009 abin ya fara komawa baya. A shekarar hukumar kwastan ta so ta sa wuƙaƙe masu sifirin taimako cikin hanin 1958, majalisar tarayya ta gyara dokar ta fitar da su. A 2010 New Hampshire ta soke haninta a kan wuƙa mai maɓalli, Arizona kuma ta kafa dokar da ta hana birane yin tasu dokar wuƙa daban da ta jiha. Jihohi da dama suka bi sahu, tare da matsin ƙungiyoyin maƙera da masu sha'awar wuƙa, irin su Knife Rights. Yau sama da jihohi 40 sun yarda a mallaki wuƙa mai maɓalli, ko da yake sharuɗɗan yawo da ita sun bambanta.

Texas ta halatta mai maɓalli a 2013, ta zo kan Bowie a 2017. Ana cikin muhawara, ranar 1 ga Mayu, aka daɓa wa ɗalibai wuƙa a jami'ar jihar da ke Austin, ɗaya ya rasu. Sai aka yi wa ƙudurin gyara: baligi yana iya yawo da wuƙar da ruwanta ya wuce inci 5 da rabi, wato kusan santimita 14, amma ba zai shiga da ita wasu wurare ba. Jerin da aka zartar a shekarar ya haɗa da makarantu da asibitoci da kotuna da mashaya da rumfunan zaɓe da wuraren ibada.

A watan Yuni na 2022 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar da ake kira Bruen, ta ce duk dokar da ta taƙaita makami sai an nuna tana da tushe a tarihin ƙasar. Da wannan ma'auni kotun ƙolin Massachusetts ta rushe hanin wuƙa mai maɓalli a watan Agusta na 2024. Ga shi kuwa lauyoyi sun koma tonon dokokin Bowie na 1837 da 1838 suna kafa hujja da su a shari'o'in bindigogin zamani. Faɗan tudun rairayin Natchez bai ƙare ba.

Yadda ake karanta dokar

Kowane tsoro ya bar nasa sawun a littattafan jihohi, shi ya sa tambaya huɗu ke warware yawancin dokokin. Wace irin wuƙa ce: mai naɗewa, ko miƙaƙƙiya, ko mai baki biyu, ko mai maɓalli? Nawa ne tsawon ruwanta? A ɓoye take ko a fili? A ina mai ita yake tsaye, kuma me ya fito yi?

Mu ɗauki Kalifoniya. Wuƙar aljihu mai naɗewa, in tana naɗe, ana iya sa ta a aljihu. Miƙaƙƙiyar wuƙa mai iya suka kuwa, ɓoye ta a jiki laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku, amma idan tana cikin kube a rataye a ƙugu kowa na gani, dokar jiha ba ta hana ba. Sai dai birnin Los Angeles ya hana yawo a fili da wuƙar da ta kai inci 3, in ba don sana'a ko halattaccen nishaɗi ko ibada ba. Ka ɓoye, jiha ta kama ka. Ka bayyana, birni ya kama ka.

A birnin New York, duk da gyaran 2019, dokar birni ta hana yawo da wuƙar da ta kai inci 4, kusan santimita 10, ta kuma hana barin kowace irin wuƙa a inda ido zai gan ta. Ɗan ƙarfen da ke maƙale wuƙa a bakin aljihu ya isa a tsayar da mutum. An yi rangwame ga masu sana'ar da ke buƙatarta. Wuƙa mai maɓalli har yanzu haramun ce a jihar. Haka kuma wanda ɗan sanda ya tambaya ya amsa cewa don kare kansa yake riƙe da ita, ya shaida da bakinsa cewa makami ce, kuma kotunan jihar sun sha kafa hujja da irin wannan furuci.

A gine-ginen gwamnatin tarayya doka ta keɓe 'yar wuƙar aljihu da ba ta kai inci 2 da rabi ba, amma masu gadi sukan hana ko da ita. A jirgin sama kuwa, tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ba a shiga da wuƙa a jakar hannu. A 2013 hukumar tsaron filayen jiragen ta so ta sassauta wa ƙanana, ma'aikatan jirgi suka yi ca, ta janye.

Ga ɗan uwanmu da ke can, wannan yana nufin wuƙar layya ko ta fawa a naɗe ta da kyau, a sa ta cikin jaka a bayan mota, a bi hanyar aiki kai tsaye. Wuƙar damtse da aka kai tsaraba ta zauna a gida. Wanda zai ƙetare jiha ya duba dokar inda za shi, ta jiha da ta birni, a ranar da zai tafi, domin majalisu suna canza su kusan kowace shekara. Kada a raina kamun kwana ɗaya: takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar ko an taɓa kama mutum, ko da an sake shi ba tare da hukunci ba.

Akwai kuma abin koyi daga wata 'yar tsirarar al'umma. Wasu daga cikin mabiya addinin Sikh wajibi ne a kansu su ɗaura wata 'yar wuƙa da suke kira kirpan. Da wata hukumar makarantu a Kalifoniya ta hana yaransu shiga aji da ita, iyayen ba su ce wa yaran su ɓoye ba. Kotu suka tafi, kuma a 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar yaran su koma makaranta da ita, bisa sharaɗin ta zama dakusasshiya, a ɗinke ta cikin kubenta, a ƙarƙashin riga. Sun san dokar, sun haɗa kai, sun nemi haƙƙinsu ta ƙofar gaba.

Mu mutanen zango mun daɗe da sanin zaman baƙunci. Kakanninmu ba su sauke kaya a wani gari ba sai sun nemi mai masauki sun tambayi al'adar wurin, domin sun san baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ke da ɗa ko ƙane a Amurka, idan ya kira shi a wannan mako, bayan gaisuwa da tambayar iyali, ya tambaye shi abin da ke aljihunsa, da sunan jihar da yake ciki.

Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya.